Faifai a Hannuna, Inji a Hannun Yaya

Litinin, da safe

Yau na fara aiki ni kaɗai, kuma lafiyata ƙalau. Na rubuta ne don kada wani ya zo daga baya ya ce wani abu.

Jiya aka raba kaya. Yaya ya zo da mota ya ɗauki babban injin wanki da doguwar tiyo. Ya bar mini ƙaramin inji da faifai, wato zagayayyen ƙarfen nan mai tayoyi da ake turawa a kan siminti, ruwa na juyawa a ƙarƙashinsa yana barin wuri kamar an lashe. Ba don kirki ya bar shi ba, faifan ne ya ƙi shiga motar. Shekara da shekaru muna wanke harabar mutane tare, shi a wajen inji, ni ina tura faifai ina yi wa masu gida daɗin baki, amma jiya ko kallona bai yi ba. Ni ma ban kalle shi ba. Na dai lura ya rame, kuma maɓallin rigarsa ɗaya ya tsallake raminsa.

Matata ta ce in je in ba shi haƙuri. Na ce haƙurin me? Ta ce na abin da na faɗa masa a gidan matar nan mai farin tayil, a gaban mutane. Na ce ai gaskiya na faɗa. Ta ce ai shi ya sa.

Litinin, da yamma

Na haɗa faifai da ƙaramin inji a ƙofar gida don gwaji. Ruwan na fita kamar tsohuwa na kuskure baki. Sandar da ke ƙarƙashi, wadda ya kamata ta yi ta juyi har ido ya kasa binta, tafiya take kamar fanka in wuta ta yi ƙasa. Na tura a kan wani tabon baƙin mai, na juyo, tabon yana nan yana kallona.

Ina jin faifan ne ya saba da Yaya.

Talata, da hantsi

Ƙarfe ba ya sabo da mutum. Na san haka.

Na kifa shi na duba. Nozul biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshen sanda, 'yan mitsi-mitsi kamar kan ɗan yatsa, ta nan ruwan ke fita, kowanne da lamba a jikinsa, 2504. Duk shekarun nan ina tafe a bayan abin nan ban taɓa leƙa cikinsa ba. Yaya ne ke tsugunawa da gwangwaninsa na nozul yana canje-canje yana gunaguni, ni ina can ina tambayar mai gida ya yara, ya makaranta. Gwangwanin kuwa ya tafi da shi.

Ban tuna da Yaya ba yau.

Laraba, bayan azahar

Na je shagon kayan inji, wajen mutumin da kowa ke kira Ba-Matsala. Na gaya masa a jikin ƙaramin injina an rubuta nozul lamba huɗu yake ɗauka. Ya ce ba matsala, ya naɗe mini lamba huɗu guda biyu a takarda. Ya tambaye ni ina Yaya, na ce yana nan. Ya ce rannan Yaya ya zo sayen abu, da za su gaisa ya miƙa hannu a gefen da ba kowa. Na ce sauri nake.

Na dawo gida na kwance tsofaffin da ƙyar, har sifana ta ɓare mini ɗan yatsa, na ɗaura sababbin da farin tef. Na tayar da inji. Tsohuwar nan ta ci gaba da kuskure bakinta. Sai na ɗauki tsoffin na kara da sababbin a rana. 2504 ne da 2504.

Alhamis, da safe

Ba-Matsala ba ya karɓar kayan da aka buɗe. A nan kam akwai matsala.

Juma'a, da yamma

Na je gaida Inna. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta fara. Wai Yaya ya wuni cur yana wanke tsakar gida ɗaya da bindigar feshi, layi-layi, kamar mai yin shara da buroshin haƙori, har mai gidan ya kawo masa kujera don tausayi. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wauta irin tamu ba, ɗaya ya ɗauki turmi ɗaya ya ɗauki taɓarya, kowa ya zauna da yunwa yana hura hanci.

Na yi dariya. Ita kuwa sai ta ce, "Auta, haka fa mahaifinku ya fara. Ka tuna yadda yake cewa fitilar ce ba ta da kyau?"

Na tashi na je duba famfon tsakar gida da ta ce yana zuba. Ba ya zuba. Na daɗe a wajen.

Asabar, da hantsi

Abin mamaki. Matata tana wanke kwanuka, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce wai injina ruwan lamba huɗu yake bayarwa gaba ɗaya, ni kuma na buɗe masa baki biyu kowanne mai huɗu, ya zama takwas, ina ruwa zai yi ƙarfi? Takwas na babban inji ne. In raba lambar injin biyu, kowane nozul ya ɗauki biyu.

Matar da ko kunna injin ba ta taɓa yi ba. Na ce a ina ta ji wannan? Ta ce a wajen kitso.

Na san da wa take zuwa kitso. Matar Yaya ƙawarta ce tun kafin a san mu. Ilimi ai ba shi da mai shi.

Litinin, da azahar

Ba-Matsala ba shi da 2502. Ya ce yana da 0002, ai biyu biyu ce, lambobin farko ado ne kawai. Na karɓa.

Da na tayar da inji sai faifai ya ɗauki wani irin kuka mai daɗi, sanda na juyi kamar za ta tashi sama. Na yi murna har na kira matata ta zo ta gani. Na tura a kan sabon simintin da mai gidan hayarmu ya zuba a ƙofar gida kwanan nan, wanda yake fitowa kullum ya tsaya yana kallo kamar ɗan fari. Na yi tafiya mai nisa kafin in waiwaya.

Da'ira. Da'ira a kan da'ira, an karce su cikin simintin tsaf, tun daga bakin ƙofa har kwata, kamar an ja dogon sufirin. Ashe ruwan a tsaye yake fita kamar allura.

Mai gida ya fito. Na ce masa sabon yayi ne, a manyan otal-otal haka ake yi don kada mutane su zame. Ya dube ni, ya dubi simintin, ya ce shi ma a manyan otal-otal ya ji ana korar mutane. Matata ta shiga wajen matarsa, ban san me ta ce ba, amma dai muna nan har yanzu. Yaran layi sun fara tsalle daga da'ira zuwa da'ira.

Litinin, bayan magariba

Irin wannan karcen ne a kan farin tayil ɗin matar nan. Sak.

Wanda na ce wa Yaya a gaban mutane rashin ganinsa ne ya jawo. Ga shi na yi, ni da idona biyu lafiya lau.

Talata

Ban fita ba.

Laraba, da yamma

An sake zuwa kitso. Saƙon yau shi ne, lambobi biyu na ƙarshe girman rami ne, biyun farko kuma faɗin feshi. Sifili ba na faifai ba ne, ko mahaukaci ba ya sa shi. Sha biyar na cizo, na tsohon datti ne a kan siminti mai tauri. Ashirin da biyar shi ne na yau da kullum. Sannan tsagar da ke bakin nozul ta bi tsawon sanda, kada ta gicciye.

Na ce mai kitson nan ta iya aiki. Matata ta ce ƙwarai. Na dubi kanta, kitson makon jiya ne, ko gashi ɗaya bai motsa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Sha biyar na samu a wani shago can ƙarshen kasuwa, na ce bari in gwada a gaban kantin mai magani, aikin kuɗi na farko da na samu ni kaɗai. Ya fita fes, sai dai da ya bushe duk wurin ya yi zane-zane, fari da toka, fari da toka. Mai maganin ya fito ya ce shi wanki ya ce a yi, ba jakin dawa ya yi oda ba. Na sake bi a gicciye. Yanzu ya koma allon dara. Ya ce in bar shi haka kafin in ƙirƙiro wani abu.

Da Yaya na nan da tun daga kukan faifan zai ɗaga hannu ya ce in rage sauri.

Ba wai ina tunaninsa ba ne. Magana ce ta aiki.

Juma'a, da safe

2502 sun samu. Na ɗaura, na daidaita tsagar, kuma faifai ya yi wanki na gaskiya. Sai dai faɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin inji, don na babba aka yi shi, dole in riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a tire. Wata tsohuwa mai sanda ta wuce ni, ta je ta dawo, ta yi mini sannu.

Amma na iya. A rubuta wannan.

Juma'a, da yamma

Matata ta dawo ba saƙon nozul. Ta ajiye mayafi ta zauna. Wai jiya da almuru Yaya ya goga motar a jikin ginshiƙin ƙofarsu, ƙofar da ya shekara yana shiga ko da baya-baya. Ya ce fitilun masu tahowa ne suka yi yawa. Matarsa ta yi masa maganar asibiti, ya ce duk wanda ya sake ambaton asibiti a gidan ya haɗa kayansa, shi ya ga abin da zuwa asibiti ya yi wa Baba.

Ba asibiti ne ya yi wa Baba komai ba. Makara muka yi.

Ba zan rubuta wannan ba.

Asabar, da azahar

Ina tsakiyar aiki a wani gareji faifai ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, yana jan ni gefe guda. Na kira matata a waya na ce ko za ta leƙa wajen kitso. Ba a jima ba ta kira. Ta ce nozul ɗaya ne yashi ya toshe, in kwance in zura siririyar waya in busa, kada in sa ƙusa in faɗaɗa ramin, kan tulu.

Mutum ɗaya ne a duniya yake ce mini kan tulu.

Ta ce a yi haƙuri, yadda aka ba ta ta kawo.

Lahadi, da yamma

Na ba da nawa saƙon a kai wa mai kitso. Na ji an ce wani mai babban inji ya rasa aiki biyu a makon nan saboda ya gaya wa masu gida cewa ƙazantarsu ta yi yawa. A gaya masa ba a cewa haka. Ana cewa gidan nan da ganinsa akwai albarkar jama'a. Kuma a riƙa tambayar lafiyar yara ko da ba a ga yara ba.

Amsa ta dawo, wai mai kitso ta ce ita ba maroƙiya ba ce.

Talata, da hantsi

Hanya ce ta bi da ni ta gaban asibitin ido na bayan tashar mota. Ba zuwa na yi ba, wucewa nake. Harabarsu ta yi datti ƙwarai, gansakuka ta yi kore a gefen bango, ga tabon mai a wajen ajiye motoci, kuma wuri ne da masu lalube ke bi, wani zai iya zamewa. Na shiga na sami babbar ma'aikaciyar jinya, wadda suke kira Sista, na ce zan wanke musu kyauta, talla nake yi.

Muna cikin magana, don dai hira ta yi tsawo, na tambaye ta game da wani mutum da na sani, wanda yake ganin abu kamar ta cikin hayaƙi, fitilar mota na kashe masa ido, kuma in ka ce asibiti sai ya tashi faɗa. Ta ce irinsu ne rabin masu zuwa, sauran rabin kuma matansu ne. Ta tambaya me mutumin ya fi so a duniya. Na ce a ce shi ne shugaba.

Ta ce in zo ranar Asabar.

Laraba, da safe

Na aika wajen kitso. Na karɓi aikin da ya fi ƙarfina, haraba ce babba, da ƙaramin inji sai in kwana uku a kai, kuma na riga na faɗa musu sunan gidanmu. In na ji kunya, ba ni kaɗai na ji ba. Na ce a ambaci wurin a ƙarshe, da sauri, kamar ba komai ba.

Alhamis

Ba amsa.

Juma'a

Ba amsa. Na wanke faifai, na sa wa tayoyinsa mai. Na sake wanke shi.

Asabar, da yamma

Ya zo. Matarsa ce ta tuƙo motar, yana gefe yana gaya mata yadda ake tuƙi. Ya sauko bai gaishe ni ba, ya gaida mai gadi. Daga nan duk maganarmu ta hannun mai gadin ta bi. Gaya masa ya jawo tiyo. Gaya masa na jawo. Gaya masa ba haka ake jawowa ba. Bawan Allah yana tsakaninmu yana juya kai kamar mai kallon ƙwallon tebur, alhali tazarar da ke tsakanina da Yaya ba ta kai tsawon tabarma ba.

Tunda babban inji za a sa, dole a mai da manyan nozul. Na kifa faifai na kwance nawa. Yaya ya tsuguna ya buɗe gwangwaninsa, ya ɗauko ɗaya, ya kai kusa da fuska, ya kai nesa, ya juya shi wajen rana. Ya daɗe. Sannan ya ce wa mai gadi, "Gaya masa hannuna da mai, ya karanta."

Hannunsa tas yake.

Na karɓa. Na riƙa ɗaukowa ɗaya-ɗaya ina karantawa a hankali yadda mai gadi ba zai ji ba, yana girgiza kai, har na zo kan 2504, ya ce shi. Na nemo ɗan'uwansa. Shi ya ɗaura su da kansa, da lalube, ya daidaita tsagar da farcensa, kuma ta zauna daidai fiye da yadda nake yi da ido.

Da ya tayar da inji, faifai ya ɗaga kamar zai bar ƙasa. Na manta haka yake. Gansakuka na tashi, siminti na fitowa fari a bayana, masu jiran layi har da masu bandeji a ido ɗaya suka juyo suna kallo.

Mun kai rabi sai ga Sista. Ta ce wane ne shugaban aikin nan, likita na son ya gode masa da kansa a ofis. Ban ɗaga kai ba. Yaya ya gyara wuyan riga, ya ce wa mai gadi ya gaya mini kada in taɓa maƙurar inji in ƙara masa wuta, ya bi ta. Matarsa ta bi bayansu da jakarta, kamar dama a shirye take.

Na gama harabar. Na wanke wajen motoci. Na wanke bayan gini da ba a sa ni ba. Na wanke ɗakin mai gadi ta waje, ya ce in na matsa kaɗan shi ma zan wanke shi.

Can sai ga shi ya fito da wani baƙin tabarau na roba, an ɗiga masa magani ba ya iya kallon rana, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya tsaya a gabana. Na jira. Mai gadi ma ya matso don ya karɓi saƙo, Yaya ya ɗaga masa hannu.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ka bar zane a wajen ƙofa."

Na ce yaya aka yi ya gani da wannan abin a fuskarsa. Ya ce ba gani ya yi ba, tun yana kan kujerar likita ya ji na yi sauri a wajen.

Na je na duba. Akwai zane.

Asabar, bayan magariba

Ba irin na Baba ba ne. Matarsa ta faɗa wa matata, matata ta faɗa mini, na sa ta maimaita. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ana cirewa. Za a fara da idon dama.

Na je na gaya wa Inna. Ta ce a yau kam famfon yana zuba da gaske, in je in duba, tana son ta zauna ita kaɗai.

Talata, da safe

Yau ne aikin idon. Ni na tuƙa. Duk hanya yana cewa an yaudare shi, kuma in ya fito zai yi maganin kowa, daga ni har Sistar.

Talata, da azahar

Benci mai sanyi. Na ƙirga tayil ɗin bango na rasa inda na tsaya, na sake.

Talata, da la'asar

Ya fito da bandeji. Ya ce yunwa yake ji.

Laraba, da hantsi

An cire bandejin a gabanmu. Likita ya ce ya buɗe a hankali. Ya buɗe, ya rufe, hawaye na zuba, ya sake buɗewa. Ya dubi taga. Ya dubi matarsa ya daɗe, har ta sunkuyar da kai ta ce mene ne. Ya dubi tafin hannunsa, gaba da baya. Ni ina can jikin ƙofa, na sa rai zai fara da maganar da ke tsakaninmu, na ma shirya abin da zan ce.

Ya juyo ya ƙura mini sabon idon, tun daga takalmi har sama. Ya ce in matso. Na matso. Ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske kamar mai duba kaya a kasuwa.

"Auta, yaushe ka yi furfura haka?"

Na ce a makonnin nan uku ne.

Ya ce ƙarya nake, wannan tsohuwar ajiya ce, kawai ba a samu mai gaya mini gaskiya ba.